Gambar Iyakar Gonarmu

Mu gidanmu Katolika ne, a wani ɗan ƙauye kusa da Fulatan, maƙwabtanmu kuwa kusan duk Musulmi. Cocinmu ɗaki ɗaya ne na ƙasa, Fada ba ya zuwa sai bayan wata biyu ko uku. In an ce yana tafe, kowa sai ya fara lalubo zunubansa don ya je ya furta. Ni nawa ba su wuce satar ƙuli-ƙulin Kaka Lami ba, ita kuma ta riga Fada sani.

Kaka Lami mahaifiyar babana ce. Bayan tuwon dare takan hura wuta da karan dawa, ta zuba mana gyaɗa a toka, ta yi mana tatsuniya har mu ƙoshi da dariya. Ni take kira maigidanta, wai mijin da ko gishiri bai taɓa saya mata ba.

Wani dare, saura kwana biyu Fada ya zo, ba ta tsokane ni ba. Ta yi alamar gicciye, abin da ba ta saba yi kafin tatsuniya ba. Baba yana gefe yana gyara ƙotar fartanya.

Ta ce an yi wani manomi da gonarsa ta haɗa iyaka da ta wani makaho. Gamba ce iyakar, kamar yadda ake yi a wajenmu. Kowace damina sai ya tuge gambar ya matsar da ita taku ɗaya cikin gonar makahon. In Fada ya zo, shi ne farkon durƙusawa. Ya faɗi zagin da ya yi wa jakinsa, ya faɗi burkutun da ya sha. Fada ya ce, "Akwai saura?" Ya ce, "Shi ke nan."

Ran da ya mutu aka auna tsawonsa da kara, aka haƙa kabari daidai da karan. Da aka kawo gawa, kabari ya gaza da taku ɗaya. Aka ƙara haƙa, aka sake gwadawa, ya sake gazawa. Har rana ta faɗi suna haƙa, gawa na kwance a bakin rami, ungulaye sun fara sauka kan kuka.

Tsoro ya kama ni sosai. Na ce, "Kaka, Allah ne ya ƙi yafe masa?"

Ta ce, "A'a, maigidana. Gafara tana nan tana jiransa shekara da shekaru. Shi ne bai taɓa kawo zunubin ba, kuma bai mayar wa mai ƙasa ƙasarsa ba."

Ba ni take kallo ba. Baba ya ajiye fartanya ya ce, "Iya, kina tsorata yara." Ya tashi ya shige ɗaki. Gyaɗarmu ta ƙone a toka, ba wanda ya tuna da ita.

Sai da na girma na gane. Gonarmu ta haɗa iyaka da ta Malam Idi, dattijon da idonsa ya mutu, wanda duk Sallah sai ya aiko mana da nama. Tsohon kututturen gambar yana nan cikin gonarmu, taku uku daga inda iyakar take yanzu. Na sha cin karo da shi ina noma.

Ran da Baba ya rasu ni aka miƙa wa karan awo. Kabari ya ɗauke shi lafiya lau. Na yi ajiyar zuciya, na ce ashe tatsuniya ce kawai. Na gaji gona, na ci gaba da cin gyaɗar taku ukun nan. Habu, ɗan Malam Idi, kullum sai ya tsaya ya gaishe ni har da tambayar iyali. Ni kuma in na durƙusa gaban Fada ya ce akwai saura, sai in ji bakina ya ce shi ke nan. Ina zuwa coci, ina jan carbi, amma na san tsakanina da Allah akwai tazarar da ni na bari, kuma abin yana cina.

Makon jiya ina kishingiɗe kan tabarma da hantsi, jikata Maryamu ta jawo karan dawa tana wasa. Ta shimfiɗa shi a gefena daga kai zuwa ƙafa, ta ce, "Kaka, ka fi karan tsawo." Na tashi zaune.

Fada zai zo ranar Lahadi. Ban jira shi ba. Na ɗauki fartanya na nufi ƙofar gidan Habu, na yi sallama. Da ya fito na ce, "Malam Habu, ɗauko taka fartanyar. Akwai abin da zan nuna maka a gona, na mahaifinka ne."