Ranar da Ilu Ya Gaida Goggo a Tsaye

Duk wanda ya tashi a Kurugu a shekarun baya ya san Goggo Kande mai ƙuli-ƙuli. Aure biyu ta yi, ɗaya a Rogo Ruma, ɗaya a nan cikin gari, Allah bai ba ta haihuwa ba. Amma bayanta bai taɓa hutawa da goyo ba. Matan da za su tafi roron gyaɗa wurinta suke ajiye 'ya'yansu, ta goya wannan, ta ɗora wancan a cinya, hannu na murza ƙuli.

Cikin duk waɗanda ta yi rainonsu, Ilu ne nata na kanta. Ɗan ƙanenta ne, uwarsa ta rasu yana wata bakwai. Da kunu da madarar shanu Kande ta raine shi har ya yi ƙafa. Ya girma, ya yi karatu, aka tura shi koyarwa wata firamare can wajen Rogo.

Da kakar 1992 ya zo hutu, bayan ya yi wata uku ba a gan shi ba. Ya tarar da mata a tsakar gida suna ɓarar gyaɗa. Ya dafa bango, ya ce, "Goggo, ina wuni?" Yana tsaye ƙiƙam, bai durƙusa ba. Kande ta amsa, ya juya ya koma zaure wurin maza.

Abin ya sosa mata rai, amma ba ta nuna ba. Tasalla maƙwabciyarta ce ta kasa haƙuri.

"Yaya Kande, wannan ai raini ne. Don ya sa dogon wando?"

"Kin san raini kuwa, Tasalla? In na zuba miki tuwo kika ce kin raina, me kike nufi?"

"Ya yi mini kaɗan mana."

"To shi ke nan. Haka kakata ta koya mini, raini daga ido yake farawa, ka dubi abu ka ga ya yi maka ƙanƙanta. Yaron nan da ya shigo kansa a sunkuye yake, ko fuskata ya kasa kallo. Akwai dai abin da ke ciki."

Bayan la'asar ta kira shi ɗakinta, ta saki labule.

"Ɗage wandon nan in gani."

Ya yi dariya, ya ce ba komai. Ta tsare shi da ido har ya ɗage. Gwiwar dama a kumbure take, ga tabon ɗinki ya ratsa ta. Ashe faɗuwa ya yi da babur a hanyar Rogo, ya yi kwana arba'in a kwance, ya hana kowa kawo labari gida.

"Na san halinki, Goggo. Da kin ji, da ƙafa za ki taho cikin ruwan nan. Ɗazu a zaure sai da na gwada durƙuson sau biyu, ƙafar ta ƙi."

Kande ta yi masa faɗa tana hawaye, wai ya mai da ita baƙuwa. Sannan ta tashi ta ɗora ruwa a murhu. Safe da yamma take gasa masa gwiwar har hutun ya ƙare. Da Tasalla ta ji, ita ta kawo man shanun da ake shafawa, tana ta cewa a yafe mata bakinta.

Gwiwar ba ta ƙara lanƙwasuwa sosai ba. Sai Ilu ya koma, duk zuwan da zai yi, ya zame ya zauna a ƙasa daga bakin ƙofa, ya miƙe ƙafar gefe, ya gaishe ta a haka, ita kuwa tana ta cewa ya tashi kada ya ɓata kayansa.

Kande ta rasu da bazarar 1998, bayan zazzaɓin kwana huɗu. A maƙabarta dattawa suka ce Ilu ya bari masu lafiyar ƙafa su sa ta a kabari. Ya ƙi. Shi ya sauka ya karɓe ta, ya gyara mata kwanciya, sai da mutum biyu suka kama hannunsa sannan ya iya fitowa.