Fannami Mai Riƙon Fim

Fannami masunci ne, mutumin Auyo. Kakansa ya zo daga bakin Tafkin Chadi, shi ya sa yake jin Barbarci kamar yadda yake jin Hausa. Mutum ne siriri mai dogayen yatsu, ba ya da yawan magana. Da damina yana noman shinkafa a fadama, da rani yana su.

A wata shekara, bayan an gama yaƙin Turawa na biyu, kogi ya cika ya shanye masa gona gaba ɗaya. Da ruwa ya janye sai ya tafi Haɗeja neman aikin ƙarfi. A lokacin wani Bature likitan haƙori ya sauka a garin da motarsa, yana zagaya ƙasar duk rani. Fannami na cikin waɗanda suka sauke masa kaya. A cikin kayan akwai injin wuta, da wani inji mai dogon wuya da aka ce yana ɗaukar hoton haƙori har saiwarsa.

Shu'ibu, ma'aikacin ɗakin shan magani da ke yi wa Likita tafinta, shi ya kira shi washegari.

"Wani tsoho ne ya zo, Barbarci kawai yake ji. Zo ka gaya masa ya daina motsi."

Akwai ɗan fim da ake sa wa mutum a baki, a bayan haƙori, kafin a kunna injin. Tsohon sai tofar da shi yake yi. Fannami ya yi masa magana a hankali, ya sa yatsarsa manuniya ya danne fim ɗin a cikin bakinsa. Injin ya yi ƙara ya tsaya. Likita ya dubi hannun Fannami, ya faɗa wa Shu'ibu wata magana.

"Ya ce hannunka ba ya rawa. Kana son aiki?"

Haka ya fara. Suka riƙa bin garuruwa, Malam Madori, Miga, su dawo Haɗeja. Mutane na tsoron injin, amma in suka ga nasu a tsaye kusa da su, yatsarsa a bakinsu, sai su natsu. Likitan ba mugu ba ne. Ya iya cire haƙori, amma injin sabo ne a wurinsa, an aiko masa da shi ba tare da wanda zai koya masa ba. Hoto yakan fito baƙi ƙirin, ko fari fat, sai a sake, a kuma sakewa. Kowane karo Fannami ne ke riƙewa. Wani lokaci ƙashin yatsarsa yakan fito a gefen haƙoran, Likita ya ɗaga fim ɗin a hasken taga ya nuna masa suna dariya.

Shekaru suka wuce. Fatar yatsu biyu na hannunsa na dama ta bushe ta riƙa ƙyalli. Farata suka tsattsage. Sai miki ya buɗe a gaɓa, ya ƙi rufewa. Matarsa Ma'u ta shafa masa man kaɗanya, ta ƙunsa masa lalle, ba abin da ya canza.

Wata safiya tana dama koko ta ga ya ɗauke tukunya daga kan murhu da hannu, ya ajiye, bai ko yarfe ba.

"Malam, ba ka ji zafi ba?"

Ya juya hannun ya duba. Fata ta tashi.

"Ban ji ba."

Likita ya ba shi wani man shafawa, ya ce wanke hannu da sabulu ne ya yi yawa. Ba a daɗe ba ya gama aikinsa ya koma ƙasarsu.

Wanda ya gaje shi baƙar fata ne, mutumin Ikko, ya yi karatu a Ingila. Ran da ya fara aiki, Fannami ya ɗauki fim ya nufi bakin wata mata kamar kullum. Sabon likitan ya riƙe masa hannu. Ya daɗe yana kallon yatsun, sannan ya tambayi Shu'ibu tun yaushe yake wannan aiki, kuma wa ya sa shi.

"Ranka ya daɗe, haka muka saba yi," in ji Fannami.

Likitan ya yi bayani, Shu'ibu na juyawa. Hasken injin yana ƙona nama a hankali, ba a gani, ba a ji. Mai ciwo sau ɗaya yake shiga hasken, shi ya kamata ya riƙe fim ɗinsa da kansa, kowa ya ja baya. Ya ce shi ma wancan likitan da an koya masa da bai yi haka ba.

Fannami ya ce, "To."

Aka sa shi a jirgin ƙasa daga Malam Madori zuwa Kano, aka yanke yatsun biyu. Da ya dawo aka ce ya zauna ya riƙa shara a ɗakin magani. Ya yi godiya, ya tattara kayansa ya koma Auyo.

A can mutane suka ga dungulmin hannu, suka ji labarin tukunya, suka yanke cewa kuturta ce. Ba wanda ya faɗa masa a fuska. Sai dai in an fito da tuwo ƙofar gida, nasa yana zuwa a kwano daban. A masallaci akan bar ɗan fili tsakaninsa da na kusa da shi. Shu'ibu ya zo takanas ya yi wa dattawa bayanin injin, suka saurare shi, suka yi masa addu'a, kwanon bai koma cikin na jama'a ba. Ma'u ta yi faɗa da maƙwabta har ta gaji.

"Malam, kai ba za ka ce komai ba?"

"Me zan ce musu?"

Ba ya iya ɗinkin komar kamun kifi kuma, ƙulli ba ya ɗauruwa da yatsu uku. Ya bai wa ƙanen Ma'u, Gambo, komarsa da goransa na su, ya tsaya ga shinkafa. Yakan ɗaure ƙotar fartanya a hannu da tsumma ya yi noma har azahar.

A daminar shekarar da ake ta maganar samun 'yancin kai, wani ƙululu ya fito masa a hamata. Shu'ibu ya shigo kwalekwale ya zo, ya ce ya tashi su tafi Kano.

"Bari a yanke shinkafa tukuna," in ji Fannami.

Bai kai ba. Ya rasu shinkafa na fitar da kai. Mai wankan gawa na unguwar ya ce ba ya jin daɗin jikinsa, don haka Gambo da Shu'ibu ne suka yi masa wanka.