Filin Jirgin Kawu Sanda

Duk wanda ya san bakin kogi a Mai Wurno, can ƙasar Sudan, ya san Kawu Sanda ba ya ɗaure jirginsa a gaɓa kamar kowa. Sai ya ja baya kaɗan, ya jefa dutse da doguwar igiya, ya miƙe tsaye ya zagaya da sandar tuƙi a sama, ya ce, "Daga nan zuwa nan nawa ne. Kowa shi ja nashi."

Ƙanen mahaifiyata ne, kuma a Bor Sudan ya samo wannan ɗabi'a. Yana saurayi, zamanin Ingilishi, shi ke tuƙa wani Bature, hafsan sojan ruwa, a kwale-kwale cikin tashar jirage. A gabansa aka yi ta ciniki tsakanin hafsan da masu sambuk, jiragen katako na fatake, kan inda jiragen yaƙi za su jefa anga. Baturen ya ce wurin jirgi bai tsaya inda yake kwance ba, ya kai har inda iska za ta iya juya shi. Da wannan magana aka tura masu sambuk can gefe cikin duwatsu. Kawu ya dawo gida ba ko kwabo, sai wannan doka.

Na ga tashar Jidda, na ga ta Ikko, amma ban taɓa ganin kwale-kwale mai filin jirgin yaƙi ba sai nasa. Masunta kuwa suna matse a gefe kamar kifi a kwando.

Malam Isa, babban masuntan, ya taɓa ce masa, "Haba Kawu! Wanga kogi ne, gefe guda yake gudu. Yaushe jirginka ya taɓa juyawa?"

"Ran da ya juya, kai za ka biya ni?"

Magana ta kai gaban Umda, wato dagacinmu. Kawu ya ce shari'ar ruwa ba a yin ta a tudu, dole a zauna cikin jirgi. Umda kuwa ko wanka ba ya yi a kogi. Da jirgin ya fara rawa, ya damƙe gefe da hannu biyu, ya ce, "Kalas, ya zol, ya isa haka! Iyakarka tsawon igiyarka. A mai da ni!"

Washegari sai ga igiyar ta ninka. Isa ya yi salati.

"Kawu, wagga ai igiyar jakinka ce ka ƙulla!"

"Umda cewa ya yi igiyata. Ta jakin ta wa ce?"

Jakin ya wuni yana yawo a kasuwa.

Ana nan wani attajiri daga birnin Sinnar ya zo zai kafa injin ban ruwa daidai mashigin, ya kewaye da waya. In ya yi haka, masunta ba su da wurin sauke kifi, mata ba su da wurin wanki. Aka yi roƙo, bai ji ba. Kawu bai roƙi kowa ba. Kowace safiya ya kan sassauta igiya, jirginsa ya je ya kwanta daidai inda bututu zai shiga ruwa, shi kuma yana ciki yana shan shayi. Ma'aikata su tsaya suna kallonsa.

Attajirin ya zo da kansa. "Ya Hajj, matsa kaɗan mana."

"Ni ina son matsawa. Jirgin ne ya ƙi."

"Kogin na ubanka ne?"

"A'a. Amma na taɓa ganin babban jirgi ya kori ƙanana, kuma ni na tuƙa mai korar. Sau ɗaya ya ishe ni."

Ban taɓa jin ya faɗi wannan ba sai ranar. Da attajirin ya gaji da biyan ma'aikata suna kallon tsoho yana shan shayi, ya kwashe injinsa ya yi ƙasa da gari. Masunta suka taru yin godiya, har da kifi. Kawu ya karɓi kifin, ya juya shi, ya ce, "Madalla. To, ku ja jiragenku, kun shigo mini."

Bara ya rasu. Bayan sadakar bakwai Isa ya ce rai ya yi halinsa, a shiga filin nasa. Jirage suka jeru, kowa ya samu, har da saura. Isa ya tsaya yana kallo, ya ce, "Kai, ashe haka tsohon nan ya cinye mu!" Sai ya juya baya ya daɗe yana share ido da rawani.

Allah ya jiƙan Kawu Sanda, ya yafe masa, ya yalwata masa kabarinsa iyakar ganinsa. Amin.