Gwangwanayen Iya Foto

Shekara goma sha tara ina sayar da atamfa a bakin kasuwar Ketu, shagona yana kallon nata, don haka ba labari aka ba ni ba. Ƙarfe bakwai Iya Sikiratu Ashabi take isowa, wadda duk gari ke kira Iya Foto, da ƙullin agidi a hannu, kyamara a naɗe cikin zani kamar goyo. Ba shara take farawa da ita ba. Ƙofa take buɗewa ɓari guda, ta tsaya ta ga inda haske ya faɗi a ƙasa, ta ja benci da ƙafa har ya zo daidai wurin. Sannan ta hura idon kyamarar, ta goge da wani tsohon ɗankwali da ba ta yarda kowa ya taɓa. Ƙarshen watan nan za ta rufe shagon, bayan shekara arba'in da ɗaya, hannu ya fara rawa. Na duba na ga babu mai shirin buga mata ko da gwangwani, shi ya sa na ɗauki biro.

Duk wanda ya taɓa zama a bencin nan ya san dokokinta. Ba ta bari ka fuskanci rana, wai ido ƙanƙancewa yake yi. Ba ta bari ka juya wa rana baya, wai kututture za ka koma. Daga gefe take so haske ya zo, ya bi kunci ya wuce. Ta shimfiɗa maka farin ƙyalle a cinya don ya mayar da haske ƙarƙashin haɓa. In gajere ne kai ta durƙusa, in dogo ne ta hau akwati, sai idonta ya yi daidai da naka. Kafin ta dubi fuskarka ma bayanka take dubawa, kada a wanke hoto a ga tsintsiya ta tsiro maka a ka. Kuma ba ta taɓa cewa mutum ya yi murmushi ba. Tsokanarka za ta yi: "Wannan hular, aro ce ko gado?" Ka fashe da dariya ta ƙyale ka, sai dariyar ta fara sauka take dannawa.

Masu koyon aiki in suka tambaye ta ina abinci yake a sana'ar nan, amsarta ɗaya ce. "Hoton fasfo ne ke ɗora tukunya kullum, kada ku raina shi. A wurin biki kuwa kowa amarya yake bi, to ku ku bi tsofaffin da ke zaune a inuwa. Wata rana 'ya'yansu za su zo nemanku a guje. Kuma ko kuna hauka kada ku yar da fim."

Ita dai ba ta taɓa yar da ko guda ba. A bayan labulen shagon akwai gwangwanayen biskit sun fi sittin, jere har rufi, babu suna a jikin ko ɗaya. A murfin kowanne ta sa ƙusa ta zana irin tsagar fuskar gidan da fim ɗinsu ke ciki: wannan uku a tsaye, wancan uku a kwance, wancan huɗu-huɗu. Mu da aka haifa bayan an daina tsaga, a gwangwanin ubanmu take jefa mu. In an ce ta rubuta suna kamar kowa sai ta yi tsaki. "Suna? Masu suna Lasisi nawa ne a garin nan? Kira ɗaya a kasuwa, goma za su waiwayo." Mun sha yi mata dariya a kan wannan, har da ni.

Sai kwamfuta ta shigo gari. Shago uku suka buɗe a layinmu, ka shiga da fuskarka ka fito da ta wani, sumul, fara tas. Mutane suka fara zuwa wa Iya Foto da irin wannan buƙata. Ina zaune wata uwar amarya ta ce, "Iya, ku ɗan goge mini zanen nan, ku ɗan haska ni."

"Hoto nake wankewa, ba mutum ba," in ji ta. "Ga shago can, ki gaishe su."

Benci ya fara yini babu kowa. Aka ce tsufa ne, aka ce taurin kai ne, aka ce hassada take yi wa yara. Ni kaina na tsallaka na durƙusa na ce ta sassauta, zamani ya canza.

"Mulika, tashi kada ki ɓata zaninki. Ban ce a tsaga ɗan kowa ba, nawa ma ban tsaga musu ba. Amma wanda ya riga ya sha zafin aska, ya ɗauki abinsa shekara saba'in, ni ce zan goge masa da yatsa ɗaya? Allah ya kiyaye. In babu ciniki in ci agidina ba miya."

Na koma shagona ina cewa tsohuwar nan ta cika kafiya. Bara na gane abin da take karewa.

Bara Babanmu ya rasu, Baba Lasisi Fagbemi. Yayanmu Rasaki da ke Kwatano ya ce shi zai ɗauki nauyin hoton da za a kafa ran sadakar arba'in, da mafitai ɗari uku masu hoton Baba da za a raba wa baƙi. Saura kwana uku ya iso da kaya, aka kwance a tsakar gida. Hular ta Baba ce, rigar ta Baba ce, amma fuskar fara ce sumul, babu zane ko ɗaya. Wayar da aka ɗauke shi da ita ce ta fara shafewa, masu bugawa suka ƙarasa.

Iyarmu ta daɗe tana kallo. "Rasaki, wannan wane ne?"

"Baba ne mana, Iya. Gyara shi aka yi."

"Da lalacewa ya yi?"

Ta gyara mayafi ta ce, "Ina cikin takaba za ku kafa mini baƙon namiji a tsakar gida? In wannan za ku rataya, ni ba zan fito ba." Ta shige ɗaki. Muka juya gidan kaf neman wani hoto, amma Baba mutum ne mai gudun kyamara. Na ga dai za a yi taro matarsa na kulle a ɗaki, kuma jikokinsa wannan baƙon za su tashi suna kira kaka. Abin ya ƙona mini rai.

Na tafi wurin Iya Foto, Yaya Rasaki na bina yana gunaguni. Na durƙusa na ce, "Iya, ku taimake mu." Ba ta ce ai na faɗa miki ba. Ta shiga bayan labule, ta ɗauko gwangwani ɗaya, ta riƙa ɗaga fim tana dubawa a hasken ƙofa. Can ta ce, "Ga shi. Ran bikinki ne. Kowa yana binki, shi yana zaune gindin mangwaro yana cin goro. Bai ma san na ɗauka ba."

Yaya Rasaki ya leƙa. "Iya, baƙi da fari? A wannan zamanin? Manyan mutane za su zo daga Kwatano fa."

"To su zo. Ubanka za su gani, ko mai tallan man shafawa?"

Washegari ta wanke shi da hannunta, babba, ta kawo gidanmu da ƙafarta. Iyarmu ta karɓa a bakin ƙofar ɗaki. Haske ya bi kuncin Baba daga gefe, zanen nan uku-uku sun fito raɗau. Ta ɗora yatsa a kuncin hagu tana bi ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a kan na ƙarshe, wanda guntu ne. Wai ranar da aka yi masa tsaga yana jariri ya yi shuri, askar ta goce, kuma shekara hamsin tana tsokanarsa da cewa tun ranar ba ya zama wuri ɗaya. Ta ce, "Baban Rasaki, ashe kana nan." Tun rasuwar ba ta yi kuka a gabanmu ba sai ranar. Da ta share ido Yaya ya tambaya a hankali yadda za a yi da mafitan.

"Ku kai madafa a fifita wutar shinkafa. Ai ba mijina ba ne."

Haka aka yi kuwa, kuma ta fito ta zauna ƙarƙashin hoton tun safe har baƙi suka watse.

Iya Foto, ku gafarce ni zan ce "ke" a takarda, a gabanku ban isa ba. Ke ce kika ga benci ya yi sanyi kika ƙi sayar da fuskar kowa. Ke ce aka kira mai taurin kai, kuma na yarda, kina da shi, Allah ya ƙara. Ke ce kika ɗauki tsohon da babu wanda ya sa ki, kika ajiye shi shekara ashirin da biyu har ranar da muka zo a guje, kamar yadda kika ce za a zo. Masu cewa zamani ya wuce ki, su nuna mini abin da suka ajiye wa wani. Na gode, Iyarmu ta gode, Yaya Rasaki ma ya gode, ko da yake shi sai da ya haɗiyi yawu.

Ku kuma masu waya a hannu, ban ce ku jefar ba. Ku zaunar da tsofaffinku a bakin ƙofa da safe, haske daga gefe, ku kashe abin nan da ke shafe fuska, ku tsokane su, ku jira dariya ta fara sauka. Ku kai a wanke a takarda, ku ajiye. Mutanen Ketu kuwa, Iya Foto ta ce kafin ta rufe kowane gida ya zo ya karɓi gwangwaninsa.

Ni jiya na karɓo namu. A hanya na tuna gida biyar ne a garin nan masu uku a tsaye, na ce to yaya aka yi hannunta ya tafi kan namu kai tsaye? Na juya murfin na duba. Uku a dama, uku a hagu, na ƙarshe guntu. Abin da muka kai Kwatano aka goge, da shi take gane gidanmu.