Shekarar da Aka Sa Maƙabarta a Gaba

Ni ban iya rubutu ba. Matar ɗana ce take riƙe da alƙalami, ni ina faɗa, in kuka ya zo mini ta dakata ta jira. Na ce mata kada ta gyara mini magana ko ɗaya.

Ƙauyenmu yana gefen Gadarif. Muna hango rufin kwanon gari daga ƙofar gida, amma famfo bai taɓa isowa gare mu ba. Kakanninmu sun taso daga yamma za su hajji, suka ce bari su yi noman damina ɗaya a nan su samu guzuri, ga mu har yau. Ƙasar baƙar laka ce. Da rani ta tsage har ƙafar akuya ta faɗa ciki, da damina ta kumbura ta cire wa mutum takalmi. Babu dutse a cikinta ko na jifan kare. Mai son dutse sai ya sa mota ta ɗauko masa daga tsauni.

Shi ya sa kabari ba ya daɗewa a wurinmu. Damina ta wuce, wata ta biyo, sai tudun ya kwanta ya yi daidai da ƙasa. Mu kuma ba ma rubuta suna a kan mamaci. Kowane gida yana ajiye abin da zai gane nasa da shi: gindin tulu, guntun turmi, ko dutse ga wanda ya samu.

Maigidana ɗinkin buhu yake yi a kasuwar amfanin gona. Ban taɓa kiran sunansa ba yana raye, ba zan fara yanzu ba. Ya rasu bayan an gama yankan riɗi, zazzaɓi ne ya kwantar da shi bai tashi ba. Ranar da za a kai shi, na kira ɗana na nuna masa dutsen niƙan da ke bayan ɗaki. Kakar maigidana ce ta zo da shi daga yamma a kan jaki. Mata sun niƙa a kansa har cikinsa ya lotsa kamar akushi, ni ma na niƙa, kafin injin niƙa ya zo. Na ce a kafa masa shi a wajen kai. Ɗan dutsen kuwa, wanda ake riƙewa a hannu, na ajiye shi a wurina. Na kuma ce wa ɗana, in tawa ta zo, a haƙa mini kusa da dutsen nan. Ban taɓa roƙon wani abu a duniya kamar wannan ba.

Da na fita takaba na fara zuwa maƙabarta ranar Juma'a da hantsi. Akwai masu cewa mace ba ta zuwa, amma tsohuwa ba wanda yake tare ta. A nan na ga abin da kor yake yi. Kor shi ne kwarin da ruwan sama yake bi, ya ratsa ta kudun maƙabarta, kuma kowace damina sai ya yagi ƙasa ya tafi da ita. Kabarin maigidana yana ɓangaren nan. Wata shekara na ga farin ƙyalle yana leƙowa daga jikin gaɓa. Na koma gida ban iya cin abinci ba.

A lokacin an riga an kafa lijna a kowane ƙauye, ita ce hukumarmu. Bayan girbi sai a tara mu a filin makaranta, a ɗaura lasifika a jikin bishiya, a yi kabbara, shugaban lijna ya karanta abin da za a yi wa ƙauye a shekarar. Maza a kan benci, mu mata a baya kan tabarma, mu ne da kawo shayi. Kullum ruwa ne a gaba: za a ja mana famfo daga gari. Sai ƙarin aji, sai zuba tsakuwa a hanyar da motocin garin Doka suke bi, sai gyaran masallaci. Akwai shekarar da aka ce komai ya tsaya, a tara dawa saboda yaran da aka kai yaƙin kudu. Katangar bakin kor tana zuwa a ƙarshe, lokacin da mutane sun fara neman takalmansu.

Shugaban lijna ɗan maƙwabciyata ne, ni na yi masa wankan jego shi da uwarsa. Ya girma ya tara gemu, ba ya miƙa wa mace hannu, amma ni ba ya iya wuce ni. Habboba yake ce mini, wato kaka. Nakan tare shi a bakin filin.

"Ɗana, bana ma mun zo ƙarshe?"

"Habboba, ki yi haƙuri. Masu rai ƙishirwa suke ji. Matattu ba sa neman ruwa."

"Su ne ma ruwan yake zuwar musu har ɗaki. Ku da kuke nema kun samu?"

Sai ya yi dariya ya ce, "Wallahi bakinki ya fi lasifikar nan. Baɗi in sha Allahu."

Uwarsa, ƙawata, ba ta raga mini. Muna wanke kofunan shayi take cewa, "Ke dai bawan Allahn nan yana raye kin ishe shi da mita, ya mutu ma ba ki bar shi ya huta ba."

"Ke da naki yake can tsakiya a kan tudu, ai sai ki yi magana."

"Nawa tun yana raye ya iya zaɓen wurin zama."

Haka muka yi ta yi. Baɗi ta zo ta wuce, wata baɗin ta zo. Famfo bai zo ba, sai dai aka haƙa rami mai tsawo aka bar shi, awaki suna faɗawa. Ajin da aka gina iska ta yaye rufinsa, ya koma cikin abin da za a yi a shekara mai zuwa. Haƙorana suka zube. Ƙawata ta rasu, aka kai ta, aka kafa mata ɗan baƙin dutse. Na rasa mai yi mini tsiya, na ci gaba da zuwa taro ni kaɗai. Gaskiya na gaji. Ba na jin abin da ake karantawa, sai in jira kalmar maƙabarta in tashi.

Sai wata damina kor ya cika ya yi ambaliya, ya kwashe layin kaburbura gaba ɗaya. Maza suka yi kwanaki suna bin kwarin suna tsinto abin da za a sake binnewa. Tsakanin gaɓa da dutsen niƙana abin da ya rage bai fi shimfiɗar tabarma ba.

A taron shekarar nan, da shugaba ya gama kabbara, abin da ya fara faɗa shi ne katangar maƙabarta. Ruwa ya koma na biyu. Na rufe fuskata da mayafi na yi ta kuka. Matar ɗana, wannan da take rubutu, ba ta yi murna ba, don ita ce take tsaye a rana kullum tana jiran mai kurar ruwa. Ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana mai tsawo ba. Yanzu ta ce in bar wannan kada a sa. Na ce ta sa, ai tana da gaskiyarta.

An ce motoci za su kawo dutse daga tsauni. Rani ya yi nisa, mota ɗaya ta zo ta juye, ba a sake ganin wata ba. Aka ce babu man mota. Tulin da ta kawo yana nan a bakin kor, yara suna hawa. Har iska ta juya, hadari ya fara taruwa da yamma. Sai lijna ta kira nafir, wato gayya, kowane gida ya ba da namiji.

Ɗana ba ya nan, yana wajen Doka suna share gonar wani mai tarakta. Na ce in ba ni da hannun ɗaukar dutse, ina da na tuƙa tuwo. Muka kafa tukwane a gidan da ke kusa da hanya, daga nan ba a ganin cikin maƙabarta, sai ƙurar masu aiki da muryarsu. Tun safe samari suke waƙa suna kabbara. Wata ta leƙa ta dawo ta ce katanga tana tashi, har ta kai ƙugu. Na ajiye muciya na rangaɗa guɗa, ni da na yi shekaru ban yi ba. Ban tambayi kaina ba yadda mota ɗaya ta isa wannan aiki. Ba wadda ta tambaya a cikinmu.

Bayan la'asar da aka watse, na ɗauki sandata na tafi in gaya wa maigidana an yi.

Na tarar an nome ciyawa an ƙone, an share wurin fes kamar masussuka. Babu gindin tulu, babu guntun turmi, babu dutse ko ɗaya. Baƙar ƙasa ce kawai shimfiɗe daga wannan gefe zuwa wancan. Na je inda ƙafata ta saba kai ni, na tsaya, na matsa gaba, na dawo baya. Gaɓar da nake aunawa da ita an cike ta an daidaita. Na zauna a ƙasa na kira shi da abin da nake kiransa a ɗaki.

Shugaban lijna yana can ƙarshen katanga shi da magatakardansa, wani saurayi mai guntun wando. Suka zo suka tsaya a kaina.

"Ina dutsena?"

"Habboba, dutsen motar ya ƙare tun kafin azahar. Ga hadari. Me zan sa a bakin kor, rawanina? Na ce yara su tattaro duk abin da yake da nauyi."

"Ba ka san abin da suke ba?"

Magatakarda ya sa baki ya ce, "Hajiya, alamar kabari ba dole ba ce a addini. Allah ya san inda kowa yake."

"Allah ya sani, ɗan nan. Ni ce ban sani ba."

Shugaba ya ce masa ya yi shiru. Ya tsuguna a gabana, jallabiyarsa duk laka. Ya ce, "Na uwata ma yana ciki. Ni na ɗauke shi da hannuna, don kada a ce na bar nawa na kwashe na mutane. Ke kika yi shekaru kina neman katangar nan, habboba. Ga ta."

Ni na nema. Na tuna ƙawata da ɗan baƙin dutsenta, na ƙara wani kukan a kan na farko. Shi ya kama sandata ya raka ni gida.

Da ɗana ya dawo muka tafi tare, da dattawa biyu cikin waɗanda suka yi haƙan. Ɗaya ya ce nan ne, ɗaya ya ce a'a, can gaba kaɗan. Ɗana ya yi ta zagaye yana duban ƙasa, daga baya ya ce, "Inna, ba zan yi miki ƙarya ba. Tsakanin nan ne da can." Tsakanin nan da can kuwa mutum nawa ne kwance.

Muka sauka cikin kor muka bi jikin katanga. Na ga dutsena can ƙasa, a sahun farko, lotsattsen cikinsa yana kallon waje, an ɗora wasu a kansa an ɗaure da waya. Na sa hannu a cikin lotsin, santsinsa yana nan. Ɗana ya ce zai kawo ƙarfe ya zaro shi.

Na ce, "Ka zaro ka kafa a ina? A kan mijin wata?"

Muka bar shi.

Damina ta sauka da ƙarfi a shekarar. Kor ya cika ya yi ta dukan katanga, bai ci ko tafin hannu ba. A taron da ya biyo aka faɗi haka a lasifika, aka yi kabbara, har aka ce a gode wa tsohuwar da ta dage. Mata suka juyo suna dubana. Na ja mayafi na rufe fuska. Na san maigidana yana nan a ciki, ruwa bai tafi da shi ba, kuma ina gode wa Allah. Amma har yau in na je ranar Juma'a, cikin kor nake sauka in zauna gaban dutse, don shi kaɗai na sani.

Bana ruwa ya koma gaba. Ƙarin katanga ta wajen gabas ya koma ƙarshe, an ce kowane gida mai dutse ya kawo. Samari sun zo har ƙofa suna tambaya, na ce babu. Ɗan dutsen yana ƙarƙashin gadona, naɗe cikin tsohon rawanin maigidana.

A da na yi niyyar a kafa mini shi a wajen kai. Na fasa, wata lijnar za ta zo wata shekarar ta buƙace shi. Na gaya wa ɗana, ina so matarsa ta rubuta don kada ya ce ya manta: in na mutu a haƙa mini duk inda aka samu wuri tsakanin nan da can, kada a wahalar da kowa da awo, kada a sa mini alama. In an gama, ya sauka cikin kor da ɗan dutsen, ya cusa shi a cikin lotsin babban, ya ɗaure da waya sosai. Ni da maigidana ban san ko za a dace ba. Su biyun dai su haɗu.