Gaisuwar Juma'a Takwas

Ba a makaranta na koyi aikin da nake ci da shi ba. A hawa na huɗu na wani tsohon bene a unguwar Faisal na koye shi, wurin wata 'yar Filifin da ƙofarta ke kallon tamu. Maigidana karatu ya kawo shi Alƙahira, ni kuma aure ya kawo ni, kuma tallafin da ake ba shi bai san ya yi aure ba. Da safe zai hau ƙaramar bas ya tafi jami'a, ya bar ni da bango huɗu da ƙarar hon.

Maƙwabciyar tawa ta ce in riƙa kiranta Ate, wai a yarensu Yaya ke nan. Shekara tara ta yi tana renon 'ya'yan wani ma'aikacin jakadanci a Zamalek, nata ɗan kuwa yana can gida wurin tsohuwarta. Wata rana ta ajiye renon, ta sayi kwamfuta ta hannu, ta zama sakatariyar mutanen da ba ta taɓa gani ido da ido ba. Tana amsa musu wasiƙu ta intanet, tana tsara musu lokacin ganin baƙi, tana tuna musu abin da suka manta. Ta ce a garinsu yanzu aikin ya zama ruwan dare: malaman makaranta suna yi, nas-nas suna yi, har matar ƙaninta da ke sayar da kifi ta bar kasuwa ta kama. Burinta ta haɗa kayanta ta koma, tunda aikin ba ruwansa da inda mutum ya zauna.

Ranar da ta ji ina ciniki da mai tumatir da Larabci, ta kuma san ina jin Turanci, ta kama hannuna har ɗakinta. Tana da kwastomomi biyu Larabawa da saƙonninsu suka fi ƙarfinta. Cikin wata biyu sun zama nawa, na ƙara na uku da kaina. Ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura. Ni da ake wa kallon 'yar rakiya, ga ni ina sayen nama da gumina.

Abu biyu Ate ta dasa mini a kai. Na farko, saƙo kashi biyu ne: na gaggawa da na sai anjima. Na biyu, duk abin da za ki maimaita, ki yi shi sau ɗaya ki ajiye, manhaja ta riƙa aikawa a lokacinsa. Haka muke taya kwastomomi gaishe da abokan hulɗarsu, mu rubuta na wata guda a zama ɗaya.

A gidanmu kuwa, can Zariya, akwai dokar da ba a karya ta. Duk ɗan da ya bar gida, ranar Juma'a da safe zai gaida Inna. Inna ba ta karanta boko, don haka sai dai kira ko saƙon murya. Kuma Inna ba ta san gajeriyar gaisuwa ba. Za ta tambayi maigidana, ta tambayi malamansa da ba ta sani ba, ta ba ni labarin akuyarta, da wanda ya haihu, da wanda ya yi saki, sannan ta dawo kan ƙafarta mai ciwo. A can Masar Juma'a hutu ce, amma ɗaya daga cikin kwastomomina ranar ce ya fi damuna. Sau biyu na makara, Yayata da ke gida ta kira ta wanke ni tas.

Sai dabara ta zo mini. Wata Lahadi da hantsi na zauna kusa da taga, na ɗauki gaisuwa takwas a jere. Na yi wayo, ban ambaci zafi ko ruwa ba, don kada yanayi ya tona ni. "Inna ina kwana, an tashi lafiya? Ya ƙafa? Muna nan lafiya, maigidan yana gaishe ki. Allah ya ƙara nisan kwana." Ina sauya kalma nan da can, har da 'yar dariya a ta huɗu. Na jera su a manhajar, kowace Juma'a ƙarfe takwas.

Da na nuna wa Ate, ina jiran yabo, sai ta cire tabaraunta ta dube ni.

"Wannan na kwastoma ne," ta ce. "Mamanki kwastoma ce?"

Na ce wata biyu ne kawai, kafin aiki ya lafa. Ta ce tamam, wato shi ke nan, ta mayar da tabarau. Ita kam kullum da azahar takan rufe kwamfuta ta kira ɗanta, ko da abin da zai ce bai wuce ya ci abinci ba. Ni a lokacin ɓata lokaci na ɗauki hakan.

Inna tana amsa kowace gaisuwa. Ina ganin saƙonninta suna shigowa, wannan minti bakwai, wancan minti tara. Na san abin da ke ciki, ko dai na ɗauka na sani. Na sa su a layin sai anjima. Kullum ina cewa ranar Asabar zan zauna in saurara duka, Asabar ɗin ta zo ta wuce.

Wata Laraba da la'asar maigidana ya dawo da wuri, tare da matar wani abokin karatunsa daga Abbasiya. Ina ganin ta cire takalmi ba ta yi mini wasan da ta saba ba, na san akwai magana. Shi aka kira a waya daga gida, kamar yadda ake yi. Ya zauna, ya fara da nasiha, na ce masa ya bar kwana-kwana ya faɗa mini wa ya rasu. Ya ce Inna ce, an yi jana'izarta da azahar.

Wata guda ta yi tana jinya, ciwon ƙirji. Ita ta hana a gaya mini. Fasfo ɗina kuwa yana wurin sabunta takardar zama, ba halin tafiya. Na yi zaman makoki a falon haya, matan ɗalibai suna shiga suna fita, maƙwabtanmu 'yan Sudan suka kawo shayi da dabino. A cikin wannan ruɗanin, wallahi ko sau ɗaya manhajar ba ta faɗo mini a rai ba.

Ranar Juma'a aka yi sadakar uku. Ƙarfe tara saura Yayata ta kira.

"Auta, me kika aiko wayar Inna?"

Na ce ban aiko komai ba. Kafin in rufe baki na tuna.

Wayar tana hannunta, tsakar gida cike da mata. Ta ga saƙo daga gare ni, ta ɗauka gaisuwar ta'aziyya ce ga dangi, ta buɗe da ƙarfi don kowa ya ji. Sai ga muryata, wasai, ina tambayar Inna ya ƙafa, ina yi mata addu'ar nisan kwana. Ta ce gwaggonmu ta ɗauka na zautu, ta fashe da kuka. Na gaya mata gaskiyar abin da na yi. Ita Yaya ba ta zage ni ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Ashe shi ya sa."

Ate ce ta ji kukana ta shigo. Ba ta ce na gaya miki ba. Ta ɗauki kwamfutar ta goge gaisuwa biyun da suka rage, ta ce ma'alish, wato in yi haƙuri, ta gaya wa kwastomomina ita za ta riƙe su sati biyu. Sannan ta miƙo mini wayata ta fita, ta ja ƙofa.

Saƙo biyar ne. Na farko labarin akuya ne da bikin 'yar maƙwabta, yadda na zata. A na biyu ta ce ƙafa ta yi sauƙi, tari ne ke ɗan damunta. A na uku tana dariya tana tari, ta ce, "Auta, na ce miki ƙafa ta warke, kina ta tambayar ƙafa. Kuma mai ƙwanƙwasa ƙarfen nan naku ba ya gajiya? Duk Juma'a yana nan." Mai sayar da tukunyar gas ne, da ke buga ta da sifana a ƙasan tagarmu ranar da na ɗauki muryar. Ni ban ma ji shi ba. Ita ta ji shi sau uku.

A na huɗu ba ta ƙara zancen ba. Ta yi mini addu'a, ta yi wa maigidana, ta ce ta ji ina aiki sosai, Allah ya sa albarka.

Na biyar bai kai minti ɗaya ba, kuma tana hutawa tsakanin kalmomi. Ta ce, "Auta, na gane ajiye mini muryar kika yi. Ba komai, ina jin daɗinta haka, har maimaitawa nake sa a yi mini. Amma in kin samu sarari ki kira ni, ko minti biyu. So nake in ce wani abu ki amsa."

Na duba ranar da ya shigo. Kwana biyar kafin ta rasu ne, ƙarfe takwas da kwata na safe. Wayar tana kan teburina a lokacin, kusa da hannuna.