Kwabbai Bakwai a Tekun Jurandir

A unguwarsu cikin birnin Salvador na bakin teku, in firijinka ya fara kukan da ba ka gane ba, Jurandir ake kira. Shekara talatin yana wannan sana'a. Ba ya taɓa inji sai ya kara kunne ya saurara tukuna, don a cewarsa kowace cuta da muryarta. Mutum ne shiru-shiru, bai yi aure ba, kuma ƙafarsa ba ta sake taka kwalekwale ba tun ranar da teku ya haɗiye yayansa Ademar, masunci. Amma ka san ɗan Adam, abin da yake tsoro shi ya kinkimo ya ajiye a falo. Tankin gilashi ne cike da ruwan gishiri, da kifaye huɗu, da dodon koɗi, da jatan lande, a tsakiya kuma murjani mai laushi, wata halittar teku rayayya, siffarsa kamar laimar kwaɗi.

Ɗan tsagin murjanin aka ba shi, bai wuce babban yatsa ba. Shekara goma sha ɗaya yana renonsa har ya kai faɗin faranti. Da safe in ya kunna fitilar tankin, sai murjanin ya fito da ƙananan gashinsa suna kaɗawa, shi kuma ya sha kofinsa a tsaye yana kallo. Mahaifiyarsa Dona Zulmira, da suke zaune tare a hawa na huɗu, takan ce da mace ya ba wa rabin wannan kulawa, da tuni jikoki sun dame ta.

A tsakiyar Fabrairu murjani ya ƙi buɗewa. Jurandir bai damu ba, don irinsa yakan tsuke ya yi kwana uku ya saɓe fata, ya dawo garau. Kwana uku suka zama goma. Ya langaɓe gefe guda, bakinsa ya fara narkewa. Nan fa hankalin mutumin ya tashi. Ya auna gishiri, daidai. Ya auna zafi, daidai. Ya sauya fitila, ya kori wani kifi mai rawar kai zuwa bokiti bisa zargin yana gutsurarsa, bawan Allah bai ci ba bai sha ba. Ya duba ƙarƙashin laimar da madubin ƙara girma ko akwai tsutsa, babu. Wannan majinyaci ba shi da muryar da za a kara wa kunne.

Ya tafi wurin Edvaldo, mai shagon kifin ado, wanda ya ba shi tsagin tun farko. Edvaldo ya fara da tsiyar da ya saba, wai likitan firiji ya kasa da mara lafiya. Da ya ji dodon koɗi uku sun mutu, jatan lande ma ya bi su, kifaye kuwa sai ƙiba suke yi, sai ya bar dariya.

"Mutumina, ruwa ba ya tsami banza," in ji shi. "Kifi lafiya, masu ɓawo na mutuwa? Jan ƙarfe ne. Koma gida ka nemi abin da ya faɗa ciki."

Ranar Lahadi da hantsi ya naɗe hannun riga ya fara ɗaga duwatsun tankin ɗaya bayan ɗaya. A bayan na ƙarshe, cikin yashi, yatsunsa suka taɓo su: kwabban jan ƙarfe, 'yan sentabo biyar-biyar, guda bakwai, duk sun yi kore.

Bai tambayi kowa ba. Ya san mai bakwai ɗin. Tun rasuwar Ademar, kowace biyu ga Fabrairu, ranar Yemanja Uwar Teku, Dona Zulmira kan sa fararen kaya ta je bakin ruwa da furanni da kwabbai bakwai. Da gwiwoyinta suka ƙi matakala, wata maƙwabciya ke kai mata. Bara maƙwabciyar ta tashi daga unguwar.

Ya same ta a kicin tana tsintar wake. Ya shimfiɗa kwabban a kan tebur. Ransa a ɓace yake ƙwarai, amma muryarsa ba ta ɗaga ba.

"Mama, kin kashe min shi."

Ta dubi kwabban, ba ta dube shi ba.

"Ban san zai cutu ba, auta. Na ce ka kai ni bakin ruwa, ka ce firijin mutane na jiranka. Na ga naka ma ruwan teku ne, na ce ai za ta ji ni daga nan."

Ya tambaye ta me kuma take roƙo, tunda wanda ya tafi ya tafi. Ta ce ba don wanda ya tafi take yi ba.

Jurandir ya tsaya riƙe da kujera. Ya tuna safiyar sarai, jakar aiki a kafaɗa, ya ce mata gobe. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba. Sati uku yana tuhumar gishiri da fitila da kifi, mai laifin kuwa shi ke riƙe da ma'aunin.

Babban murjanin bai tashi ba. Ya sa sabuwar reza ya yanko inda bai ruɓe ba, ɗan tsagi kamar babban yatsa, ya kai wa Edvaldo ajiya har ya gama sauya ruwa da yashi da duwatsu. Ya wanke kwabban da lemon tsami.

Da la'asar ya ce ta sa fararen kayanta. Ta ce ranar ta wuce. Ya ce teku ba ya duba kalanda, ya durƙusa ya ba ta baya. Hawa huɗu ya sauko da ita a goye, tana ta faɗa wai zai yar da ita a gaban jama'a. Ya yi mamakin yadda ba ta da nauyi.

A bakin ruwa ya ce nan zai tsaya. Ta ce daga kan yashi ba a miƙa saƙo. Sai ya cire takalmi, ya shiga da ita har gwiwa, ya tsaya cak har ta jefa na bakwai.